Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Maigida Ya Fasa Tangaran

Makon jiya na tsaya a inda kuɗin tallafin karatunmu suka maƙale, har na kama aikin wanke-wanke a wani gidan abincin 'yan Sin a Houston. To, a kicin ɗin nan na fara sanin cewa Sin ɗin ma biyu ce.

Maigidan tsoho ne gajere, dariyarsa sai an cika form, kamar yadda muke zolaya a bayan idonsa. Yana saurayi ya bi sojojin Chiang Kai-shek, shugaban tsohuwar gwamnatin Sin, suka tsallaka tsibirin Taiwan a 1949, bayan Mao, jagoran 'yan kwaminis, ya ci yaƙi. Shi kuwa babban kuku mutumin Canton ne, wani birni a ɓangaren gwamnatin Beijing, ya baro tsohuwarsa a can, rabonsa da ita ya haura shekara ashirin. Ni dai nawa soso da kumfa.

Daren Juma'a, 15 ga Disamba 1978, ana tsakiyar ciniki, sai ga Shugaba Carter a 'yar talabijin ɗin da ke kan firji. Ya ce daga 1 ga Janairu 1979 Amurka ta amince gwamnatin Beijing ita ce gwamnatin Sin. Ke nan Taiwan ta tashi a tutar babu, har yarjejeniyar tsaron da suka ƙulla tun 1954 za a warware. Maigida bai ce uffan ba. Tangaran ɗin miyar da ke hannunsa ya ɗaga ya maka da ƙasa. Ni na share. Kuku ko waiwaye bai yi ba, yana ta juya kasko, amma na ga hannunsa na rawa.

Ba wai abin ya zo wa tsohon ba zato ba ne. Tun da Shugaban Amurka Nixon ya je ya gaisa da Zhou Enlai, firaministan Sin, a 1972 ya san an gama magana, jira kawai yake. Kafin nan ma, a 1971, an karɓe kujerar Majalisar Ɗinkin Duniya daga Taiwan an ba Beijing, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Wannan kam ban taɓa gaya masa ba, ina son aikina.

Farkon Fabrairu Deng Xiaoping, jagoran Sin na lokacin, ya iso Houston da kansa. Aka kai shi kallon wasan makiyaya a Simonton, ya ɗora wata ƙatuwar malafa irin tasu, ta kusa haɗiye shi. Ranar maigida ya rufe shago, ya ɗauki tutar Taiwan ya tafi zanga-zanga. Kuku kuwa ya yanke hoton malafar daga jarida ya ɓoye a aljihu.

Da muka tashi aiki washegari, kuku ya ja ni bayan shago ya damƙa mini ambulan. Ya ce in kai gidan waya, in sa adireshin ɗakina a baya, kada amsa ta biyo ta hannun maigida.

Yadda amsar ta zo, da yadda ta ci min aikina, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.