Arnold Rosé: shekara 57 a kan kujera ɗaya

Akwai wani tsohon faifai da nake yawan komawa gare shi, wanda aka ɗauka a 1928, inda uba da 'yarsa suke kaɗa wani kiɗa na goge biyu da Bach, shahararren mai tsara kiɗa Bajamushe, ya tsara. Uban shi ne Arnold Rosé, 'yar kuwa Alma. Sautin yana da ƙura irin ta tsofaffin faya-fayai, amma duk da haka mai sauraro zai ji yadda gogen uban yake fita a miƙe, ba tare da yawan karkaɗa tsirkiya ba, kamar yadda makaɗan zamaninsa suka saba.

An haifi Rosé a garin Iași na Romaniya a 1863, a gidan Yahudawa, ya kuma tashi a Viyana, babban birnin Ostiriya. Yana da shekara 17 kacal, a 1881, aka ɗora shi a kan kujerar madugun makaɗan gidan opera na birnin, wato gidan wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa da kiɗa, ƙungiyar da daga cikinta ake ɗebo makaɗan shahararriyar ƙungiyar kiɗa ta Filharmonik ta Viyana. Wannan kujera ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin masu kallo sukan zuba wa mai sanda, wato jagoran da yake tsaye a gaba yana ba makaɗa umarni, ido ne, su manta da mutumin da yake zaune a hagunsa da goge a kafaɗa. Shi ne yake miƙewa kafin a fara, ya sa kowa ya daidaita kayan kiɗansa. Shi yake yanke inda bakan goge zai hau da inda zai sauka, don hannuwan masu goge su tafi tare kamar na mutum ɗaya. Idan kuma mai sanda ya nemi abin da makaɗa ba su gane ba, ko suka ƙi, shi ne yake shiga tsakani. A ganina aiki ne da ya fi buƙatar haƙuri da sanin halin mutane fiye da saurin yatsu.

Rosé ya yi wannan aiki a ƙarƙashin Gustav Mahler, wanda ya shugabanci gidan daga 1897 zuwa 1907, har ma Rosé ya auri ƙanwar Mahler, Justine, a 1902. Ya kuma kafa tasa ƙungiyar ta makaɗa huɗu, wadda ita ce ta farko da ta gabatar da wasu ayyukan mai tsara kiɗa Brahms, ta kuma ɗauki nauyin fito da na matashin mai tsara kiɗa Schoenberg a lokacin da jama'ar Viyana suke yi wa ayyukan nasa ihun ba'a a zaure. Mutumin da ya girma a tsohuwar al'ada amma ya tsaya wa saurayin da ake yi wa dariya, ya cancanci a jinjina masa.

A watan Maris na 1938 Jamus ta 'yan Nazi ta haɗiye Ostiriya, aka kuwa sallami Rosé daga kujerar da ya shekara 57 a kanta, saboda kawai shi Bayahude ne. Justine ta rasu a wannan shekara. Alma ce ta yi ɗawainiyar fitar da shi zuwa Landan a 1939, sannan ta haye Holand don ta yi kiɗa ta samo abin da za su rayu da shi, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da ita a can. An kama ta a Faransa tana ƙoƙarin tserewa, aka kai ta Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suke tsare Yahudawa suna kashe su, a 1943, inda aka ba ta jagorancin ƙungiyar makaɗa mata fursunoni. Ta tsananta musu horo matuƙa, domin ta san muddin suna kiɗa da kyau ba za a kashe su ba, kuma mafi yawansu sun tsira da ransu. Ita kam ta rasu a sansanin a watan Afrilu na 1944.

Labarin ya iske tsohon a Landan. Ya rasu a can a watan Agusta na 1946, yana da shekara 82, bai sake zama a kujerarsa ta Viyana ba.