Yadda jerin cefanen Yaya ya koma cikin tsohuwar kwamfuta a ɗakin Umma

Yayata girkin biki take yi a nan Jos: suna, kamu, walima, wani lokaci har taron ofis. Ni da autanmu ne 'yan aikenta tun fil azal. Ni nake shiga Farin Gada wajen kayan gwari, shi kuma ya nufi Katako wajen shinkafa da wake da acca. Da can a guruf ɗin gida na WhatsApp take turo mana jerin abin da za a saya, in ta tuna wani abu sai ta biyo da saƙon murya, in mai biki ya ƙara yawan baƙi ta sake turo wani. Ana gobe wata walima ta mutum 300 na sayo kwando biyu na tumatir, Auta ma ya ga mai araha a hanya ya ɗauko kwando guda, attaruhu kuwa babu wanda ya saya, don kowa na zaton ɗan'uwansa ya ji saƙon. Da daddare Yaya ta dube ni ta ce, "Kai da kake gyara wa mutanen gari kwamfuta, wannan ɗin ne ya gagare ka?"

Maganar ta zauna mini a rai. Na san da Google Keep, manhajar ajiye rubutu ta Google, kuma tana raba jeri tsakanin mutane lafiya lau. Amma abin da Yaya ke son ajiyewa ya wuce cefane. Akwai lambobin kwastomomi da kwatancen gidajensu, akwai wanda ya ba da kafin alƙalami da wanda ake bi bashi, akwai ma'aunin girkinta da ta shekara goma tana gyarawa, wanda shi ne jarinta na gaskiya. Ban so waɗannan su zauna a wurin da wani ke da ikon canza sharaɗi rana tsaka. Na ga abin da ya faru a watan Disambar 2023, lokacin da manhajar ajiye rubutu ta Evernote ta taƙaita masu amfani da ita kyauta zuwa rubutu 50. Biyan kuɗin wata da dala kuma, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ba abu ne da ƙaramar sana'a za ta ɗaura wa kanta ba. Sai na ƙudura cewa manhaja mai buɗaɗɗen tushe zan nema, wadda kowa zai iya duba yadda aka gina ta, kuma mu ajiye ta a kan na'urarmu a gida.

Da Joplin na fara, kuma har yau ina ƙaunarta. Laurent Cozic ne ya fito da ita a 2017. Tana ajiye komai a cikin waya, ko babu netwok za ka buɗe ka karanta ka rubuta, kuma tana iya kulle rubutu tun daga wayarka ta yadda sabar, wato kwamfutar da wayoyi ke aika wa bayanai su karɓo daga gare ta, ma ba za ta iya karantawa ba. Na rubuta jerin cefane a ciki, kowane kaya da ɗan akwatinsa na sa alama. Kafin in kai wa Yaya sai na yi gwajin da daga baya ya zame mini ma'aunin kowace manhaja. Na kashe data a wayata da ta Auta, kamar muna tsakiyar rumfunan Farin Gada inda netwok kan ɗauke, na sa alama a kabeji, shi ya sa a shinkafa, sannan muka kunna. Alamar mutum ɗaya ce ta zauna a jerin, kwafin ɗayan kuma ya tafi wani littafi na daban da manhajar ke tara rubutun da aka samu saɓani a kansa.

Wannan ba aibu ba ne, haka aka tsara ta don kada rubutun kowa ya ɓace. Ni ne na ɗauki galma zan yi aikin lauje. A wurin manhajar rubutu, shafi guda abu guda ne, ko layi 40 ne a cikinsa. In mutum biyu suka taɓa shi kafin wayoyinsu su gana da sabar, ba ta da hanyar sanin cewa kabeji daban, shinkafa daban. Jerin da mutane ke rabawa kuwa yana buƙatar kowane layi ya zama abu mai zaman kansa. Da na gane wannan, sai na daina neman manhaja guda da za ta yi komai, na koma neman gida guda da zai ɗauki aiki biyu.

Na leƙa Memos, mara nauyi ce, ta dace da mai zuba tunaninsa a taƙaice, amma ba irin aikinmu ba. Vikunja ta burge ni wajen tsara ayyuka da raba su, sai dai a lokacin da na gwada ta manhajarta ta waya tana matakin gwaji, ni kuma ba zan miƙa wa Yaya abin da sai an buɗe burauza a tsakiyar kasuwa ba. Obsidian da abokaina ke yabo, tushenta ba a buɗe yake ba, don haka ba ta shiga lissafi.

A kan Nextcloud na tsaya, manhajar da mutum ke ɗorawa a kan sabarsa don ajiye fayiloli da kalanda da ayyuka. Frank Karlitschek ne ya kafa ta a Jamus a 2016, bayan ya bar kamfanin ownCloud. Ta fi sauran nauyi, wannan gaskiya ne, amma tana da ɓangaren Notes da ɓangaren Tasks a ƙarƙashin asusu guda. Notes na ajiye kowane rubutu a matsayin ƙaramin fayil na Markdown, wato rubutu zalla, wanda ko gobe muka bar Nextcloud kowace kwamfuta za ta buɗe shi. Nan ma'aunin girki da bayanan kwastomomi suka tafi. Tasks kuwa da ƙa'idar CalDAV take aiki, irin wadda kalanda ke amfani da ita, inda kowane kaya a jeri ke da nasa rikodin. A wayoyinmu na Android na sa DAVx5, mai haɗa waya da sabar, da Tasks.org, mai nuna jerin, daga F-Droid, ma'ajiyar manhajoji masu buɗaɗɗen tushe. Na maimaita gwajin kashe data. Kabejina ya shiga, shinkafar Auta ta shiga, babu wanda ya taka wani.

Sabar kuwa wata tsohuwar laftof ce da allonta ya tsage, mai RAM 8GB, na sa mata babbar manhajar Ubuntu 24.04 da Docker, wanda Nextcloud ke gudana a cikinsa. Na yi tunanin Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, amma a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, katin memorin da take aiki da shi na iya lalacewa in wuta ta yanke ana tsaka da rubutu. Laftof da batirinta take tafe, ga ɗan sola da muke da shi, ga sanyin Jos da ke taimaka mata ba ta zafi. Matsalar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce isa gare ta daga waje. Intanet ɗin gidanmu na layin waya ne, irin wanda kwastomomi da yawa ke raba adireshi guda, saboda haka wayar da ke kasuwa ba za ta iya ƙwanƙwasa ƙofar gida kai tsaye ba. Manhajar Tailscale ce ta warware mini, tana haɗa na'urorinmu kamar duk a ɗaki ɗaya suke. Dole in faɗi cewa a nan na sassauta ƙa'idata, domin sabar da ke haɗa na'urorin a hannun kamfanin take kuma tushenta a rufe yake. Akwai Headscale mai buɗaɗɗen tushe da ke maye gurbinta, ina da niyyar komawa kanta in na samu sarari.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makonni uku da farawa, lokacin hunturu, ina Bukuru wajen wani aiki sai Yaya ta kira: "Abin naka ya tsaya, na ƙara kaya Auta bai gani ba." Da na dawo sai na tarar an rufe murfin laftof an lulluɓe ta da kallabi. Umma ce. Ta ce, "Ɗan nan, ƙura ce ke shiga cikinta, ka bar ta baki buɗe." Gaskiyarta ce, ni ne ban gaya wa na'urar ta ci gaba da aiki in an rufe murfi ba, layi ɗaya ne ake gyarawa a saitin Ubuntu. Na gyara, murfin ya zauna a rufe kamar yadda Umma ke so, kallabin kawai na roƙe ta ta cire saboda iska. A ranar ne kuma na lura cewa duk da sabar ta kwanta, jerin da ke wayar kowa bai ɓace ba. An ci gaba da cefane da abin da ke hannu, da ta farka komai ya haɗu.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na kwafin ajiya. Wata biyu ina kwashe babban fayil ɗin bayanai zuwa faifai na waje duk Juma'a, hankalina kwance. Wata rana na ce bari in gwada dawo da shi a kan wata kwamfuta a shago. Rubutun Yaya duk suna nan, jerin cefane ko ɗaya babu. Ashe Nextcloud ba ta ajiye ayyuka da kalanda tare da fayiloli, a rumbun bayananta suke zaune, ni kuma ban taɓa kwafar rumbun ba. Da faifan laftof ɗin ya mutu a tsakanin nan, da jerin da Yaya ta tsara na kowane irin biki, mudu nawa na mutum 100, jarka nawa na mai, duk sun tafi. Yanzu biyun nake kwashewa, kwafi ɗaya a gida, ɗaya a shago, kuma duk farkon wata sai na dawo da shi a wata na'ura na gani da idona.

Akwai ƙananan abubuwa da babu takardar bayani da za ta gaya maka. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, sai ka shiga saiti ka cire DAVx5 daga ciki. Ko an cire, mafi kusa duk minti 15 take leƙa sabar da kanta, don haka muka saba da jan allo ƙasa kafin mu biya kuɗin kaya. Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa: Yaya ta rubuta ƙwai, Auta ya nemi kwai bai gani ba ya ƙara nasa. Na sa wa kowa madannin Hausa a waya, muka yi yarjejeniya cewa kaya, adadi, sannan kasuwa, a layi guda.

Umma har yau saƙon murya take turowa, kuma ban yi yunƙurin canza ta ba. Duk wanda ya fara sauraro shi zai shigar da kayan a jeri, ya amsa mata da "an sa". Yaya kuwa ta wuce ni. Ta buɗe jeri na daban don tukwane da kuloli da ake kaiwa gidan biki, ba ta sa alama sai kaya ya dawo, kuma ta haka ta gano manyan kuloli biyu da suka kwana wata guda a Rikkos.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne Auta. Ni kaɗai na san kalmar sirrin sabar da yadda ake tayar da ita, kuma akwai maganar wani aiki da zai iya kai ni Abuja bayan sallah. Na rubuta matakan a takarda da biro, na sa a ambulan na ba Yaya ta ajiye. Asabar mai zuwa zan kashe laftof ɗin da gangan, in miƙa wa Auta takardar, in zauna a gefe har ya tayar da ita.