Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli: inda ribar mata take zurarewa

A unguwannin Bauchi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, gidaje da yawa kuɗin makarantar yara da na magani daga turmin gyaɗar uwargida suke fitowa. Sana'a ce mai albarka, amma mata da dama suna shekara suna yi, jarin bai ƙaru ba.

Matsalar tana farawa tun daga sayen gyaɗa. Wadda take zuwa kasuwar Muda Lawal kowane mako ta sayi tiya biyu ko uku, a farashin ranar take saye, kuma da damina farashin yana hawa. Idan ana adashi, a roƙi uwar adashi kwasa ta faɗo lokacin kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, a sayi buhu. A tabbata ta bushe sosai, a ɗora buhun a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a tsince ta a zubar. Tana iya ɗauke da gubar afulatokzin mai lalata hanta, suya kuma ba ta kashe ta. Yara ne suka fi cin ƙuli, wannan ba wurin tsimi ba ne.

Wajen suya wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa. Idan ta ƙone, mai zai yi duhu, ƙuli ya yi ɗaci. A murje ɓawon, a sheƙe, a kai inji. Wajen matsa ruwan ɗumi ake zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso. Mai gaggawa takan antaya ruwa, sai kwaɓin ya saki, man ya ƙi rabuwa da tunkuza. Bayan an kwashe, a ɗora man a wuta ruwan da ke ciki ya ƙone, ya huce, sannan a ɗura a busasshiyar kwalba. Ɗigon ruwa ne ke sa mai wari cikin 'yan makonni.

Masu sana'ar sun san cewa mai ne ke mayar da uwar kuɗi, ribar tana cikin ƙuli. To ƙulin nan shi ake rabawa maƙwabta, shi ake bayarwa bashi ba rubutu. A samu littafi a rubuta gyaɗa, niƙa, itace, kuɗin mota da kwalba, a kuma raba jakar jari da ta cefane, kada a taɓa jarin ko da maigida ne ya ce a ranta masa.

Batun talla ya fi damuna. Maimakon a ɗora wa yarinya tire lokacin da ya kamata tana aji, a daidaita da masu tsire biyu ko uku da suke buƙatar ƙuli don yaji kullum, da mai shago a bakin layi, su riƙa ɗauka sari suna biya ta waya.