Haɗa firiyam ɗin makirfo da ba ya huci

Makirfon hannu irin na masallaci 'yan milibolt kawai yake fitarwa, sai an ninka siginar kamar sau ɗari kafin amfilifaya ta karɓa. Firiyam shi ne ƙaramin na'urar da ke yin wannan ninkin. Duk hucin (ƙarar "shhh") da ya shiga a wannan matakin farko, tare da muryar liman za a ninka shi, ba kuma mai cire shi daga baya. Da wannan lissafin na haɗa wa wani masallaci a Mabera, cikin Sakkwato, firiyam.

A aisi (IC) mai ninka siginar, NE5532 na ɗauka, ba TL072 ba. Hucin na farko wajen 5 nV/√Hz ne (ma'aunin huci ke nan, ƙarami ya fi), na na biyu 18. Jabu sun yi yawa a kasuwa, don haka nakan ɗora mita tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3: na gaske yana da dayod biyu a nan, zai nuna kusan 0.6V ta kowane ɓangare.

Inda masu gyara da yawa ke faɗawa rami shi ne resisto. Resisto biyu ke tsai da yawan ninkin: 1M (om miliyan ɗaya) da 10k (om dubu goma) suna ninkawa sau 101, haka ma 10k da om 100. A takarda ɗaya ne, a kunne kuwa da bambanci. Resiston da ke sauka giraun shi kansa yana huci: 10k na ba da wajen 13 nV/√Hz, ya ma danne aisin, om 100 kuwa 1.3 kacal. Na sa ƙananan, na jera kafasito 220µF da om 100 ɗin, na haye 10k da kafasito 330pF. Boliyum bayan wannan matakin yake zama, ba gabansa ba.

Sauran aikin na wuta ne. 7815 da 7915 masu daidaita wuta a +15V da −15V, sai kafasito 100nF manne da ƙafa ta 8 da ta 4 na aisin, inda wuta ke shiga. Wayoyin giraun duk wuri ɗaya suke haɗuwa, taransifoma can ƙarshen akwatin ƙarfe. Da na ji gidan rediyo na leƙowa ta doguwar wayar makirfo, kafasito 1nF a bakin soket ya kore shi. Kafasito kuma mai jure zafin 105°C na sa, domin a watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura 40, balle cikin rufaffen akwati ƙarƙashin kwano.

Wajen gwaji, cire makirfo ka sa om 150 a gurbinsa, ka kunna da batir 9V guda biyu. In gurnanin 50Hz ya ɗauke, laifin ɓangaren wuta ne. In yana nan, bi wayar shiga da inda garkuwarta ta taɓa akwati.