Abin da Disamba ta koya min a jirgin ruwa a Ikoyi

Masu zuwa hutu Legas a watan Disamba jirgi kawai suke gani fari fat, a shigo a ɗau hoto a saka a Instagram, amma mu da muke kwana a ciki mun san cewa awa biyu zuwa uku ɗin da ake tafiya a ruwa sune mafi sauƙi a ranar, ainihin aikin yana wurin da jirgi yake ɗaure. Ina aiki ne a ƙarƙashin wani dattijon kyaftin ɗan ƙabilar Ilaje da muke ce wa Baba, jirgin wani attajiri ne mai inji biyu, yana ɗaure a mashigin ruwan da ya raba Ikoyi da Victoria Island kusa da gadar Falomo, kuma daga an shiga lokacin shagulgulan ƙarshen shekarar nan da 'yan Legas ke cewa Detty December, 'yan Landan da Amurka sun fara sauka, to bacci sai dai a sata.

Abu na farko da Baba ya dasa min shine jirgin da ke ɗaure baya hutawa. Ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin baya tsayawa wuri ɗaya, kullum sai ya ƙara kusan minti 50 a kan na jiya, in wata ya tsaya sabo ko ya kai sha huɗu sha biyar cikar tafi yawa janyewar ma tafi yawa. Ni da na tashi ina duban wata don azumi da sallah kawai sai gashi ina dubansa don igiya. In ka ɗaure igiya tamau lokacin da ruwa ya cika, da ya janye jirgi zai rataye a jikin jeti, in kuma ka saketa dayawa duk sanda wani mai gudu ya wuce raƙuman ruwansa su buga maka jirgi da kankare, fentin da za'a gyara kuwa yafi albashinka. Shiyasa ko tsakar dare ne in ka farka fitsari sai ka haska tocila ka taɓa igiyoyi ka duba famfon da ke kwashe ruwa daga cikin jirgi ko yana tashi.

Da asuba bayan sallah wanki ake fara yi, kuma da ruwan famfo ba ruwan da jirgi ke kai ba, don da rani ruwan yana ƙara gishiri, gishiri kuwa ba abin da baya ci, ƙarfe, wayar batir, har zif ɗin kujeru. Ga hunturu kuma, ka goge yanzu kafin hantsi ƙura ta sake kwanciya. Sai mai. Injin doki 250 in aka take shi har ƙarshe yana shan wajen lita 90 a awa ɗaya, mu kuma biyu garemu, tunda aka cire tallafi a 2023 ko oga da kansa sai ya tambayi nawa aka zuba. Baba baya yarda da allurar tanki, lissafinsa kashi uku ne, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa ɗaya kuma ba'a taɓa shi.

Wurin da na fi daɗewa ina koyo shine bayan jirgi. Da an tada inji akwai wani siririn ruwa da yake tsartowa ta gefensa, wannan shine shaidar cewa ruwa yana zagayawa yana sanyaya injin, aikina in tsura masa ido. Wata rana muna tsakiyar hanyar Ilashe, wani bakin teku da ake zuwa shaƙatawa, mun wuce tashar jiragen ruwa ta Tin Can kenan, kiɗa na tashi 'yan mata na rawa, sai naga na hagu ya koma ɗis ɗis, na ɗaga wa Baba hannu, ko juyowa bai yi sosai ba ya rage wuta ya kashe shi, muka ɗaga injin sama sai ga ledar fiya wata ta manne a bakin inda yake shan ruwa, da yatsa biyu na cireta. Baƙin ma basu san anyi komai ba, wani yana tambaya wai mun tsaya ne don hoto. Da an ƙara 'yan mintuna a haka da injin miliyoyi ya ƙone akan ledar da wani ya sha ya yar. Banda leda akwai kainuwar nan da ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagry tun 1984, tana naɗe farfela, sai gishiri yayi ƙarfi da rani take mutuwa, amma farkon Disamba kana iya cin karo da ita kamar gona tana tafiya.

Sai maganar mutane, wanda a ganina yafi inji wuya. Kowane jirgi akwai adadin da aka rubuta masa, kuma a Disamba ba ranar da ba za'a zo da ƙari ba, ance mutum goma sai kaga sha biyar da kuloli da mai kiɗa da kayansa, kowa kuma ɗan wani ne. Baba baya faɗa baya ɗaga murya, zai zare makulli ya saka a aljihu ya zauna yace “ranka ya daɗe jirgi naka ne amma ruwa ba naka bane”, a kira oga a waya a yi ta surutu, ƙarshe dai a nemo wani jirgin a raba. Rigar kariya ma haka, dokar LASWA ce, wato hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, kowa ya saka, amma madam zata ce zata ɓata mata kwalliya, ni kuma aikina in tsaya a bakin jeti da riga a hannu ina murmushi ina cewa yi haƙuri anti, ba mai taka jirgi sai ya ɗaura. Da farko nauyi nake ji wallahi, yaro kamata ya tare manya, amma duk wanda ya tuna jirgin da ya kife a Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ɗauke da mutum sama da 150, 'yan kaɗan suka fita, ya san kunya ba abin da take hanawa. Mu a arewa muna saurin cewa kwana ne ya ƙare, gaskiya ne, amma lodin da ya wuce kima mutum ne yake yinsa.

Dawowa ita ce rigimar kullum. Ba wanda yake son barin bakin teku da rana, kowa so yake sai duhu, alhali da hazo da yamma ko jirgin dakon kaya da ke shiga Apapa sai kun matso kake ganinsa, ga kwale-kwalen masunta marasa fitila, ga itace yana yawo. Baba tun kafin a tashi yake faɗin lokacin komawa, kuma in lokaci yayi zai tada inji ko da naman yana kan wuta. Na ga an zage shi, na kuma ga waɗanda suka zage shin sun dawo bayan kwana biyu sunce shi suke so ya kaisu.

Rayuwar ciki kuwa ba wani daɗi, ɗan lungu ne a gaba inda ake ajiye rigunan kariya nan nake shimfiɗa, sauro kamar me. Sallah a jeti ba matsala, amma in an jefa anga a Tarkwa Bay jirgi juyawa yake da ruwa, ka kabbara kana kallon gabas ka sallame kana kallon Legas, don haka na koma sauka in yi a kan yashi. Abinci in baƙi sun rage a ci, in ba haka ba sai an ɗaure komai in taka Obalende wajen mai shayi in ji Hausa a kunnena, a nan ne ma nake sanin yau wace rana ce. Daren sabuwar shekara kowa na kallon wasan wuta a sama mu muna kallon inda tartsatsin zai faɗo, don fetur ne a ƙarƙashin ƙafarmu.

Kyautar da baƙi ke bayarwa a watan tana iya fin albashi, shiyasa yara dayawa ke rububin aikin, amma mako na biyu na Janairu waya zata yi shiru, a fito da jirgi tudu mu hau kankare ƙananan kwansunan da suka manne a cikinsa, a canza man giya, a wanke rigunan a shanya. Sai an gama wannan ake bani izinin hawa motar gida.