Garin da sunansa kwal

Tun muna kan hanyar N12 daga Johanasbag a Afirka ta Kudu, ban kai ga sauke jakata ba, na fara hango su: hasumiyoyin siminti jibga-jibga tsaye a fili, kowace ta fi duk wani gini da na taɓa gani a Yamai. Na tambayi direba, ya ce tashar wutar lantarki ta Kendal ke nan, mai aiki da kwal, kuma in adana mamakina don akwai wasu a gaba. Garin da na nufa ma sunansa eMalahleni, da harshen mutanen nan "wurin kwal". Tsofaffi har gobe Witbank suke ce masa, ko da yake tun 2006 aka canza sunan.

Ni kuwa da alfaharina na zo. Kawuna ya yi aiki shekaru a Sonichar da ke Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, tashar kwal ɗin da ke ba ma'adinan yuraniyam na Arlit wuta tun 1981. Muna yara, in ya zo hutu da baƙi-baƙi a faratansa, gani muke duk duniya babu injin da ya kai nasu.

Wata rana a shagon gyaran waya inda nake aiki, na buɗe baki na ce wa abokin aikina mu ma muna da tashar kwal a Nijar. Ya ce megawat nawa? Na ce injuna biyu ne, a haɗe ba su cika 40 ba. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Biro kawai ya ɗauka ya rubuta a bayan kwalin batir: Kusile, wadda ke nan kusa da mu, injuna shida, kowane 800. Wato guda ɗaya tak ya ninka tashar kawuna sau ashirin. Kendal ta haura 4,000. Ga Duvha, ga Matla, ga Kriel, duk a lardin Mpumalanga, duk na Eskom, kamfanin wutar ƙasar. Ƙasar gaba ɗaya tana da wajen megawat 40,000 na kwal, kuma daga shi take samun kusan kashi 80 cikin ɗari na wutarta. Na ninke kwalin na sa a aljihu.

Abin da ya ɗaure mini kai, a 2023 da duk wannan ƙarfi, zaune muke a duhu. Injunan sun tsufa, wannan ya tashi wancan ya kwanta, sai aka koma rabon wuta unguwa-unguwa. Bambancinsu da mu, nan ɗauke wuta yana da jadawali. Manhaja ce a waya ke gaya maka ƙarfe huɗu za a ɗauke, shida da rabi a dawo, kuma galibi haka ɗin za a yi. Na koyi cajin komai tun da asuba, na koyi ajiye aikin da ke son zafin ƙarfen liƙi sai lokacin da wuta ke nan. A watan Agustan shekarar, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, sai ya zama ni da ƙanena a Yamai kowa na waya da tocila a hannu.

Sanyin Yuni da Yuli ne har yanzu ban saba da shi ba. Da magariba hayaƙin murhun kwal na gidaje yakan kwanta a kan unguwa, ya shiga maƙogwaro. Farar rigata ta Juma'a na daina shanya ta a waje, a bayan ƙofa take bushewa.

Da na karanta wa Kawu lissafin kwalin nan ta waya, ya yi shiru, sannan ya ce, "To su nasu duka suna aiki kuwa?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce, "Ato," ya koma tambayata farashin rago a nan.