Ƙwallo ba ta tsayawa cik a ƙololuwa

A lissafin abin da aka wurga sama, inda ɗaliban fiziks suka fi yin tuntuɓe shi ne ƙololuwa. Ƙa'idar kanta ba wuya: muddin an jingine tirjiyar iska, jimillar makamashin motsi, ½mv², da makamashin tsayi, mgh, ba ta canzawa daga hannu har ƙasa (m nauyin abin ne a kilo, v gudunsa, h tsayinsa, g kuma ƙarfin jan ƙasa, 9.8). Abin da ɗaya ya rasa, ɗayan ne ya karɓe.

A ɗauki ƙwallo mai rabin kilo, a wurga ta da gudun mita 20 a daƙiƙa, a kusurwar digiri 30. Ta bar hannu da makamashin motsi jul 100 (jul shi ne ma'aunin makamashi). Mai gaggawa sai ya ce a ƙololuwa duk sun koma tsayi, ya raba 100 da mg, wato 4.9, ya samu mita 20.4. Ya ninka amsar gaskiya har sau huɗu ke nan. Dalili kuwa, jan ƙasa gudun hawa kaɗai yake ci, bai taɓa gudun gaba. Wannan gudun, 20 × cos 30°, kimanin mita 17.3 a daƙiƙa, yana nan daram ko a ƙololuwa, riƙe da jul 75. Jul 25 ne kacal suka zama tsayi, ƙwallon kuma mita 5.1 ta hau. Sai an cilla ta sama sak za ta kai 20.4.

Amfanin hanyar ya fi fitowa wajen sauka. In daga ginin mita 15 aka wurga ta da gudun nan na 20, v² = 20² + 2 × 9.8 × 15 = 694, za ta daki ƙasa da gudun mita 26.3 a daƙiƙa, ko sama aka nufa, ko gaba, ko ƙasa. Kusurwa ba ta shigo ba, nauyi ma ya soke kansa. A dai tsayar da inda tsayi yake sifiri tun farko, kada a sauya a tsakiyar aiki.

Sai dai makamashi ba ya faɗin lokaci ko inda aka dosa. Don nisa da daƙiƙun tafiya, dole a koma lissafin gudun gaba da na hawa daban-daban.

A gwaji kuma, ƙwallo marar nauyi kamar ta tebur kan dawo da gudu ƙasa da wanda ta tashi da shi, saukarta ta fi hawanta tsaye. Ƙa'ida ba ta karye ba: iska ce ta kwashe wani kaso ta mai da shi zafi, don haka gwajin aji ya fi dacewa da ƙaramar ƙwallon ƙarfe a gajeren zango.